Wa zai busa wasan makarantu a Tawa?

Malamin wasanni, Tawa:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina koyar da wasanni a wata kolej nan cikin garin Tawa. Duk shekara da sanyi ya shigo mukan haɗa gasar ƙwallo tsakanin makarantu, Laraba da marece da kuma Asabar. Abin da ke ɓata mana ita guda ne: mai usur. Makarantar da ta karɓi baƙi ita ke fid da malamin da zai busa, shi kuwa ko waliyyi ne, ya ba yaransa fenariti sai an ce son kai. Makon jiya wasa ya watse tun ba a tashi ba, baƙi suka fice daga fili a kan satar gida. Masu tuta kuma ɗalibai ne, kowa riƙe da reshen bedi, ɗaya ma na tsalle in ajinsu sun ci.

Shi ya sa muke shawarar kafa ƙungiyar alƙalan wasa ta makarantu, ta haɗa Tawa, Illela, Ƙwanni da Madawa. Ta ina ake farawa? Dole sai mun bi ta FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar?

Tsohon arbit, Yamai:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na busa wasan yara har gwiwa ta hana ni gudu, bari in gaya maka abin da na gani.

Lasisi na hukuma FENIFOOT ke bayarwa, ta hannun reshenta na jiha, don haka ku je ku roƙe su malamin da zai horar da ku. Takardar ƙungiya kuma ba wuya, dokar ƙungiyoyi ta 1984 tana nan. Amma ba takarda ce za ta hana yara fita daga fili ba. Abin da zai hana shi ne a samu mutum ɗaya mai raba alƙalai, wanda ba ya koyarwa a ko ɗaya cikin makarantun gasar, ya rubuta wa zai busa ina tun ranar Litinin, ya lika a inda kowa ke gani. Malami ba ya busa wasan makarantarsa, ba ya busa na wadda za su gamu da ita gaba, ba ya busa inda ɗansa ke karatu. Kuɗin mai da na ruwa kuma kada darakta ya damƙa wa alƙali a bakin fili, ko da jikka 1 ce. Kowace makaranta ta zuba nata a asusu tun farkon gasa. Ranar da yaro ya ga daraktan abokan karawarsa na cusa wa mai usur abu a aljihu, magana ta ƙare.

Sai dokokin wasan kansu. Guda 17 ne, IFAB, hukumar tsara dokokin ƙwallo ta duniya, ke sabunta su, malamanmu da yawa kuwa suna busa abin da suka sani tun suna ɗalibai. Tun 2019 ba dole ba ne bugun gola ya fita daga da'irar gida kafin a taɓa, kuma tun shekarar ana iya ɗaga wa koci kati, ɗorawa ko ja. Wannan zai yi muku amfani, don malaman da ke bakin layi sun fi yaran zafin kai. Daga kakar 2025, gola ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8, kwana ake ba abokan karawa. Ga yara kuma an yarda hukumar ƙasa ta rage lokaci, a yi canji mai komawa, a fid da yaro na ɗan lokaci a kan laifin katin ɗorawa. Ku tsai da naku a rubuce kafin wasan farko, ba ana cikin gardama ba.

Ɗan Ƙwanni:

Baba, maganarka dutse. Amma Malam, ka rage buri. Daga Ƙwanni zuwa Tawa ya fi kilomita 100, wa zai biya mota don wasan minti 60? Kowane gari ya yi nasa, a riƙa musaya sai an kai kusa da ƙarshe. Kuma ku daina sa wasa ƙarfe 3 a watan Afrilu, doka ta ba da hutun shan ruwa amma ranar Adar ba ta san doka ba.

Malama, Wadata:

Ni nawa biyu ne. Na farko, kada ku ɗora wa mai usur maganar shekaru. Rabin faɗan da nake gani ba na satar gida ba ne, na ƙato ne mai gemu da aka ce wai ɗan aji biyu ne. Wannan aikin masu shirya gasa ne, a duba katin makaranta mai hoto kafin a shiga fili, alƙali ya karɓi jerin sunaye da sa hannu kawai. Na biyu, ku sa malamai mata cikin horon. Akwai iyayen da ba su barin ƴaƴansu mata su buga sai sun ji mace ce tsaye a fili. Gasar makarantu ta CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, da aka soma a 2022 ma da rukunin ƴanmata take, mu me zai hana?

Malamin wasanni, Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, saura abu ɗaya. In duk mun yi haka aka sake fita daga fili fa?

Tsohon arbit, Yamai:

Za a sake, ka sa a ranka. Marigayi Lucien Bouchardeau, ɗan ƙasar nan, ya busa Italiya da Chile a gasar duniya ta 1998, ya ba da fenariti dab da tashi, Baggio na Italiya ya ci aka tashi 2 da 2, kuma bai tsira daga bakin mutane ba. Balle kai a filin yashi. Alƙali ba ya bin yara yana lallashi, ba ya kuma ba kowa nasara a wurin. Ya duba agogo, ya jira ɗan lokacin da kuka tsayar, ya busa tashi, ya rubuta rahoto a daren: minti nawa, ci nawa, wa ya ce a fita. Kwamiti ne zai yanke. Haka in ƴan wasan wani ɓangare suka gaza 7, ba a ci gaba. Ku buga takardar rahoton shafi guda, kowane alƙali ya sa biyu a jakarsa tare da biro, don a fili ba ka samun aro.