Wai majalisar birnin Kumasi ta sayar da ƙuri'ar mutane ne?

Ɗan Bantama: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni har yau abin nan bai sauka min daga wuya ba. Zaɓen majalisar ƙasar Ghana na 7 ga Disamba 2024 jam'iyyar NDC ta kwashe kujeru sama da 180 cikin 276, mun yarda, babu gardama. Amma cikin garin Kumasi fa? Bantama, Subin, Nhyiaeso, Manhyia ta Arewa da ta Kudu, duk NPP ce ta riƙe su. Sai ga shi shugaban ƙasa Mahama ya aiko ɗan NDC King Zuba a matsayin meyo, wato shugaban birni, asambuliman ɗinmu, wakilan unguwanni a majalisar birni, suka zauna suka amince da shi lafiya lau kamar ba su ji abin da mutanen da suka tura su suka faɗa a akwati ba. Ni dai sayar da ƙuri'a da cin amana nake kiran wannan, wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Malamin Sawaba: Wa alaikumus salam. Ƙanina ka haɗa abu biyu da ba gidansu ɗaya ba. Asambuliman ba a ranar zaɓen majalisar ƙasa aka zaɓe su ba, nasu an yi shi tun Disamba 2023, kuma babu lemar NDC babu giwar NPP a takardar ƙuri'arsu, hoton mutum ne da sunansa kawai, domin tsarin mulkin 1992 ya hana jam'iyyu tsayar da ɗan takara a wannan matakin. To amanar wace jam'iyya suka ci?

Ɗan Bantama: Haba Malam, a takarda kenan. Wa bai san jam'iyyar asambuliman ɗin unguwarsa ba? Namu ranar kamfe shi ke raba riguna da hannunsa 😂

Malamin Sawaba: Na sani sarai, ban ce waliyyai ba ne. Amma yi lissafi da ni. Doka ta ce sai kashi biyu cikin uku na mambobin da suka halarta suka jefa ƙuri'a sun yarda kafin mutum ya zama meyo. Shugaban ƙasa yana da ikon naɗa har kashi 30 cikin ɗari na mambobin, kuma Mahama na hawa a Janairu 2025 ya sauke tsofaffin shugabannin gundumomi da tsofaffin naɗaɗɗu. Ka ga ya shigo fili da 30 a aljihu, saura ya samo wajen rabin zaɓaɓɓun ko sama da haka kaɗan. To a ce sun ƙi, sai me? Wani zai sake aikowa, shi ma ɗan lema, ba dai ya ɗauko ɗan NPP ya ba ku don ku ji daɗi ba. Ana nan ana ja-in-ja gari ba shugaba, bola tana taruwa.

Hajiya Mai Atamfa: Allah Ya saka Malam. Ku maza kuna can kuna lissafin kujera, ni da nake buɗe shago a Kejetia tun bayan asuba abin da ya dame ni wa zai kwashe shara, wa zai buɗe kwata kafin ruwan Yuni ya sauko. Asambuliman ɗin layinmu wlh tausayi yake ba ni, daren da ruwa ya shiga gidaje shi aka buga wa waya, ya fito da tocila da wando naɗe har gwiwa, ɗan majalisar ƙasa yana Ankara (Accra) yana barcinsa. Mutumin da zai je roƙon kwan fitilar titi wurin meyo gobe, ta yaya zai fara da yi masa bore yau

Ɗan Bantama: Hajiya ai kin faɗi maganata da bakinki, tsoro ne da kwaɗayi kenan ba ra'ayi ba. Kuma shi meyon da kike karewa ba shi ne yana hawa ya ce zai sa bulala ga masu kasa kaya a bakin titin Adum ba? Da zaɓarsa aka yi ba zai furta haka ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana ni ban kare kowa ba. Maganar bulala ba ta yi min daɗi ba ko kaɗan, mu ba awaki ba ne. Amma kai ma ka bi Adum da la'asar ka ga ko ƙafarka za ta samu wurin takawa

Aboabo Boy: Ni dariya kuke ba ni wlh. Shekara takwas muna Asawase muna zaɓen Muntaka na NDC, tun 2005 ma yake kan kujerar, amma a gundumarmu ta Asokore Mampong duk zamanin Akufo-Addo ɗan NPP aka ɗora mana, lokacin ban ji ɗan Bantama ko ɗaya ya ce an ci amanar Zango ba. Yau da abin ya juyo kanku shi ne kuka san zafi. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta ai ruwa ake shafa wa naka, ku kuwa tafi kuka yi.

Ɗan Bantama: To naku ma ba daidai ba ne, na yarda. Laifi biyu ba ya zama gaskiya.

Alhaji Tsoho: Yara ku bar ni in sa baki. Ɗan Bantama yana da gaskiya a wuri ɗaya, ƙuri'ar amincewar nan ba kullum take da tsabta ba. Kun manta Juaben a 2021? Wanda aka aiko ya faɗi, bidiyo ya zagaya yana neman a mayar masa da kuɗinsa, har ofishin mai gabatar da ƙara na musamman ya kai shi kotu. Ban ce haka aka yi a Kumasi ba, kar wani ya ɗauki maganata ya kai gaba. Amma inda ka kuskure ɗana, kana zagin asambuliman alhali igiyar ba a hannunsu take ba. Kuɗin Common Fund da gwamnati ke raba wa gundumomi, wanda doka ta ce kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, daga Ankara yake saukowa. 'Yan majalisar ƙasar da kake tutiya da su suna da kujera a zauren majalisar birni amma ba su da ƙuri'a a ciki. Kuma an sa ranar raba gardama 17 ga Disamba 2019 kan shigar jam'iyyu zaɓen gundumomi, Akufo-Addo ya soke ta ana saura makonni biyu, bayan NDC ta ce a jefa a'a wasu sarakuna ma suka ja baya. NPP da NDC duka biyun suna son a zaɓi meyo ne in suna adawa.

Malamin Sawaba: Kuma Alhaji a Kumasi akwai wata ƙofar da ba a rubuta a doka ba. Tsohon meyo Kojo Bonsu ba ƙuri'a ce ta fitar da shi a 2016 ba, saɓani ne da sarakunan Asante, sai ga takardar murabus.

Aboabo Boy: Fadar sarkin Asante ta Manhyia kenan, Malam rufe bakinka kar a kira mu fada 😂

Ɗan Bantama: Na ji, na janye kalmar sayarwa tunda ba ni da shaida. Amma cin amanar tana nan, ko sau ɗaya ne da sun ƙi shi a zagayen farko don Ankara ta san garin nan ba nata ba ne.

Hajiya Mai Atamfa: Kai dai ka ƙi shi a waya. Wanda ke da lambar asambuliman ɗin Akwatia Line ya turo min ta gefe don Allah, ƙanwata ce ke nema