Tsohon faifan IDE: tsakanin 133 da 480, wanne ya fi sauri?

Mai Hoto Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon hoto a Mabera, kuma akwai tsohuwar kwamfutar da munka yi aiki da ita tun zamanin Windows XP. Yanzu ta daina tashi, amma faifan ajiyarta lafiya lau yake. Irin mai faffaɗar wayar nan ne, IDE, gigabayit 80, kuma kusan 60 daga ciki hotunan biki da suna ne na mutane, har yau ana zuwa nemansu. Na sayo adafta a titin Emir Yahaya mai haɗa shi da USB. Ga abin da ya ɗaure mani kai: a jikin faifan an rubuta ATA/133, a kwalin adafta 480 Mbps, sabuwar kwamfutar kuma anka ce SATA 3 Gb/s ce. Yaron shagona ya ce tunda 480 ta fi 133, minti biyu an gama kwafe komai. Ni dai ina son sanin lissafin gaskiya kafin in tada janareta, kun san kuɗin mai yanzu.

Mai Gyara Arkilla:
Wa alaikumus salam Alhaji. Yaronka ya haɗa ma'auni biyu da ba ɗaya ba ne. 133 ɗin nan megabayit ce a daƙiƙa, 480 kuma megabit. Bayit ɗaya bit 8 ne. A rubuce, babbar B bayit ce, ƙaramar b bit.

To sai ka mai da su duka gida ɗaya. Raba 480 ɗin adafta, wato gudun USB 2.0, da 8, ka samu megabayit 60. In kuma ta ɗaya gefen kake so, ninka 133 da 8, ya ba ka megabit 1,064. Ka ga ke nan tsohon faifanka, a takarda, ya ninka USB 2.0 fiye da sau biyu.

SATA, wato hanyar jona faifai da ta gaji IDE, ita ce mai ɗan wayo. Ita ba da 8 ake raba ta ba, da 10 ne, domin a kan wayarta kowane bit 8 na bayani ana aika shi cikin bit 10 don saƙon ya isa daidai. Shi ya sa gigabit 1.5 ke ba da megabayit 150, gigabit 3 ta ba da 300, gigabit 6 ta ba da 600.

Amma duk waɗannan faɗin hanya ne kawai, ba gudun mota ba. Faifan wancan zamani mai juyi 7,200 a minti da ƙyar yake wuce megabayit 50 zuwa 60 in ana kwafar abu mai yawa. USB 2.0 kuma ba ta taɓa ba ka 60 ɗin nan cif, abin da ake gani a aiki wajen 30 zuwa 35 ne. Saboda haka adaftarka ce za ta yanke hukunci. Gigabayit 60 megabayit 60,000 ne, raba da 30, daƙiƙa 2,000, wato minti 33 da ɗan kai. Tunda hotuna ne ƙanana dubbai ba fayil ɗaya babba ba, ka tanadi man awa guda.

Ɗalibin Danfodiyo:
Injiniya ya gama magana, ƙari kawai zan yi ga mai son sanin inda lambobin suka fito. IDE na ɗaukar bit 16 a lokaci guda, wato bayit 2. A tsarin Ultra DMA, wato tsarin aika bayanai mai sauri na IDE mai matakai daban-daban, ana aikawa sau biyu a kowane zagayen sigina, ya zama bayit 4. A mataki na 2 zagayen nanodaƙiƙa 120 ne (nanodaƙiƙa kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa), raba 4 da shi ka samu megabayit 33.3. A mataki na 5 nanodaƙiƙa 40 ne, shi ne 100. A mataki na 6 kuma 30, shi ne 133.  

Sannan kada Alhaji ya tsorata in ya ga Windows ta nuna masa faifan 80 a matsayin wajen 74.5. Masu ƙera faifai da 1,000 suke ƙirga, Windows da 1,024. Babu hoton da ya ɓata.

Mai Hoto Mabera:
Allah ya saka da alheri. To in na samu wata tsohuwar kwamfuta mai ramin IDE na jona shi kai tsaye, ba zai fi ba?

Mai Gyara Arkilla:
Zai iya fi, amma da sharaɗi. Duba wayar tukuna. Duk fil 40 ne a bakinsu, sai dai akwai mai silin waya 40 da mai 80. Duk abin da ya haura megabayit 33 sai da mai 80, in ba ita ba kwamfutar da kanta za ta sauke shi zuwa 33, ka koma inda USB ta bar ka. Kuma XP na da wata ɗabi'a: in faifai ya yi ta ba da kuskure, sai ta mai da shi tsohon tsari marar sauri da ake kira PIO, wanda iyakarsa megabayit 16.7.

Ni da zan ba ka shawara, tsaya kan adaftar. Ka tabbata ka ba faifan wutarsa daban, domin babban faifai na buƙatar bolt 12 da USB ba ta bayarwa, ka sa ɗan maɓallin bayansa a kan Master, wato matsayin faifai na farko a kan wayar. In ka ga gudun ya tsaya wajen megabayit 1, to ramin USB 1.1 ka shiga, mai megabit 12, kuma a haka sai ka kwashe kusan awa 17. Canza rami nan take. Ka fara da hotunan da aka fi nema, faifai mai shekaru haka ba a ba shi amana sau biyu.