Shawarwarin Matasan Maraɗi Kan Kwaikwayon Taurarin Labari

A wata fada ta matasa a Maraɗi, wato majalisar da suke zaman hira, an tattauna kan rukunonin WhatsApp inda kowa ke ɗaukar sunan tauraron labarin da yake ƙauna, ya riƙa magana da bakinsa. Wasu na ɗauko nasu daga fina-finan Hausa ko na Indiya, wasu kuwa sun koma kan Gizo da Ƙoƙi.

Abin da aka fi daɗewa a kai shi ne raba mutum da rawar da yake takawa. Wanda ya ɗauki mugu dole ya yi kaushin baki, amma a tsaya ga abin da labarin ya tanada, ban da zagin iyaye ko gorin asali. Aka kawo misalin tashe: yaron da ya yi shigar tsoho cikin azumi, da safe yaro ne. Wannan ta fi kama hankalina, domin zumunci ya sha lalacewa a daidai nan. In rai ya ɓaci, a ajiye wasan, a yi magana da sunan gaskiya.

Kada a sa hoton wani, musamman na ƴan mata, a matsayin fuskar tauraro. Kada a tura kuɗi ga wanda ba a sani ba sai da sunan aro. Iyaye su san rukunin da ƙananan yara ke ciki.

Wanda ya riga kowa ganin ƙarshen fim ya kama bakinsa. An kuma yarda a riƙa dakatawa lokacin salla da makon jarrabawa.