Muhawara: Shin buɗe kasuwa ya taɓa mulkin jam'iyyar kwaminis a Sin?

Malamin tarihi: Ra'ayina shi ne, tun da jagoran Sin Deng Xiaoping ya buɗe ƙofar kasuwa a ƙarshen 1978, tattalin arzikin Sin ne kawai ya canja, siyasa kuwa tana nan inda aka bar ta. Masu zaton ciniki zai kawo zaɓe sun sami amsarsu a dandalin Tiananmen a 1989, lokacin da sojoji suka murƙushe masu zanga-zanga, sannan a 2018 aka soke iyakar wa'adin shugaban ƙasa.

Ɗaliba: Allah ya gafarta Malam, ai rashin zaɓe ba ya nufin jam'iyyar ba ta sauya ba. A 2001 shugaban jam'iyyar, Jiang Zemin, ya amince masu kamfanoni su zama 'yan jam'iyya, alhali a zamanin Mao irinsu ake ɗauka abokan gaba. Jam'iyyar da a dā take tinƙaho da ma'aikata ita ce ta sallami miliyoyinsu daga masana'antun gwamnati a ƙarshen shekarun 1990, kafin ƙasar ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya.

Alhaji ɗan kasuwa: Ina bayan 'yata a wannan magana. Ina zuwa sarin kaya Guangzhou, kuma yawancin matasan da nake gani suna ɗaure dila suna lodin kwantena 'yan ci-rani ne daga ƙauyuka masu nisa. Guminsu ne ya gina birnin, amma saboda rajistar hukou ta ɗaure kowa da garinsu na asali, da yawansu sai su bar 'ya'yansu wajen kakanni, domin samun gurbin makaranta a birni yana yi musu wuya. Idan wannan rarrabuwar iyali ba sauyi ba ne, to mene ne?

Malamin tarihi: Alhaji, wannan sauyin zamantakewa ne, ban musa ba. Tambayata ita ce, wa ke riƙe da wuƙa da nama? Da hamshaƙin ɗan kasuwa Jack Ma ya soki hukumomin kuɗi a 2020, cikin 'yan kwanaki aka dakatar da sayar da hannun jarin kamfaninsa na Ant, duk da ɗimbin dukiyarsa.

Ɗaliba: Haka ne, Malam, amma ba kullum umarni ke saukowa daga sama ba. Manoma 18 na ƙauyen Xiaogang ne suka dangwala hannu a asirce a 1978, suka raba gonar haɗaka gida-gida, suna tsoron ɗauri, daga baya gwamnati ta mayar da tsarin nasu manufar ƙasa.

Malamin tarihi: Ta amince ne domin girbi ya ƙaru, kuma har yau ƙasar noman ba mallakin manomi ba ce, hakkin amfani da ita kawai aka ba shi.