Yaya ake shiga Yankari idan mutum ba shi da mota?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Kabuga, kuma ina son in kai yarana da mahaifiyata Yankari a hutun makaranta na watan Disamba, lokacin da ciyawa ta bushe, namun daji ke taruwa a bakin kogin Gaji. Ƙaramin cikinsu giwa kawai yake son gani da idonsa.

Daga Kano zuwa Bauci ba matsala, motar haya tana bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi. Inda na maƙale shi ne daga Bauci. An ce a bi hanyar Gombe, a karya a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, amma daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, akwai tafiyar sama da kilomita 40 cikin daji. Wa zai kai mu? Shatar mota ake yi daga Bauci, direban ya kwana da mu? Ko ana samun wata a ƙofar?

Hajiya na fama da ciwon gwiwa, ba zan so in ajiye ta a bakin titi ana neman abin hawa ba. Don Allah wanda ya je ba da motarsa ba ya faɗa mini yadda ya yi.