Don Allah ku taimaka, malami ya ce a turo asaimen ta imel kuma ban iya ba

Yar_Aji_Ɗaya:
Assalamu alaikum yayyena. Ni sabuwa ce, wannan zangon na shiga aji ɗaya, wallahi yau na sha kunya. Malaminmu ya ba mu aiki kan kwararowar hamada ya ce a turo masa ta imel a PDF, kuma a sa mujallu uku da muka karanta, ban da Wikipedia. Ni kuwa na rubuta a takarda na ɗauki hoto guda shida na tura masa haka nan ko sallama ban rubuta ba. Yau a aji ya ce akwai wadda ta turo masa hotuna kamar na biki, bai faɗi suna ba amma ni na san ni ce. Ba ni da kwamfuta sai waya. Ta ina zan fara?

Baban_Laburare:
Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki, duk mun yi irin wannan. Wayarki ta isa. Ki sauke Google Docs ko WPS Office ki buga aikin a ciki, in kin gama akwai inda za ki ajiye shi a PDF. Sunan fayil ɗin ki sa lambar rajistarki da lambar kwas, kar ki bar shi da sunan da wayar ta ba shi, malami mai ɗalibai ɗari uku ba zai zauna yana buɗe ɗaya bayan ɗaya yana neman waye ba. Haka layin taken saƙo kar ki bar shi fanko. A ciki kuma gaisuwa, sunanki, abin da kika liƙa, shi ke nan layi uku. Kuma in adireshin imel ɗinki irin su gimbiya2020 ne ki buɗe wani da sunanki na gaskiya, kyauta ne.

Maman_Hanif:
Ni maganar mujallun zan yi don nan ne ake wahala. Google ɗin da kika saba daban, Google Scholar daban, shi na neman rubuce-rubucen masana ne. Ki shiga Scholar ki rubuta "desertification" da "northern Nigeria" kowanne cikin alamar zance, hakan ke sa ya nemo kalmomin a haɗe yadda kika rubuta su. Wanda kika ga PDF a gefensa shi za ki iya saukewa kai tsaye, wanda babu ki danna All versions, sau da yawa akwai kwafin kyauta a wani wurin. Sannan ga AJOL, mujallun Afirka ne zalla kuma na Najeriya sun yi yawa a ciki. Amma dabarar da ta cece ni lokacin furojet ita ce in na sami maƙala ɗaya mai kyau sai in tafi ƙarshenta in duba waɗanda marubucin ya karanta, daga ɗaya sai ki tashi da biyar. Kuma ƙarƙashin kowane sakamako akwai Cite, zai ba ki yadda ake rubuta madogarar a tsarin APA, sai dai ki duba da idonki don wani lokacin yana tsallake shekarar bugawa ko lambar shafi.

Ɗan_Kafe:
Duk wannan dogon turanci, ki kawo kafe a buga miki a tura, minti ashirin.

Baban_Laburare:
Haba malam, shekara huɗu za ta yi tana biyanku? Ƙanwata ki leƙa laburare ma, ki nemi teburin masu ba da bayani ki gaya musu maudu'inki, aikinsu ke nan kuma yawanci zaune suke ba mai tambaya. Harufan da ke bayan littafi su ne adireshinsa a kanta, S noma, L ilimi, K shari'a, littattafan harshen Hausa suna PL. Ki tambaye su ko makarantar tana da rajistar JSTOR, wato rumbun mujallun ilimi na intanet.

Yar_Aji_Ɗaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na sami biyu a AJOL yanzu, saura ɗaya. Amma Yaya wannan CC da ke ƙasan adireshi dole ne sai na cike shi?

Baban_Laburare:
A'a bar shi, na wanda kike so ya ga kwafi ne. Ki fara tura wa kanki ki buɗe ki ga fayil ɗin ya liƙu tukuna.