Tausa ga doki da kare: yaushe take amfani, yaushe take ɓoye ciwo?

Ɗan Barga ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin dabba, musamman iyayenmu mahaya da likitocin da ke leƙowa wannan zaure. Ina da ingarma akawal, wato baƙin doki, mai shekara 9 a nan Zariya, wanda na hau a hawan Sallah da hawan Bariki na bana, kuma tun ranar da aka sauke masa kayan ado nake ganin abin da ban saba gani ba. Da ya hango ni da sirdi sai ya kwantar da kunnuwa, in na ɗora masa sai ya lotsa baya kamar an watsa masa ruwan sanyi, a wajen kilisa kuma takunsa ya gajarta, ko da yake ba ya ɗingishi a fili. Yana cin harawarsa da dusarsa, yana shan ruwa, idonsa garau.

Wani abokina da ke hulɗa da masu ƙwallon dawaki ya nuna mini bidiyon masu sana'ar tausar dabbobi a Ingila da Amurka, suna murza wuyan doki da bayansa har ya riƙa lumshe ido, ya ce wannan ne maganin abin da ke damun nawa. Shin da gaske tausa tana warkar da irin wannan, kuma mutum zai iya yi da hannunsa ba tare da ya jawo wata cutar ba? Haka nan ina da karen farauta mai shekara 8 wanda yanzu yake tashi da ƙyar da safe, ƙafarsa ta baya a sage, sai ya ɗan zagaya gida take sakewa. Shi ma ina son sanin ko za ta yi masa amfani.

Tsohon Mahayi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ka gani a bidiyo ba baƙo ba ne a bargar Hausa, suna ne kawai ba mu raɗa masa ba. Lokacin da nake yaro a hannun mahaifina, ba a ɗaure doki a turke da zarar an sauko daga hawa. Sai an sassauta majayi, wato maɗaurin sirdi, an bar sirdin a kansa na ɗan lokaci, an ja shi a hankali har numfashinsa ya daidaita, sannan a sauke sirdi a murje bayan da guntun buhu ko dunƙulen ciyawa, daga wuya har kuturi, sai gumin ya bushe. Yaron da ya yi wannan aiki kullum, hannunsa kan san dokin fiye da idon mai shi, domin ranar da wani wuri ya yi zafi ko ya yi tauri, shi ne zai fara ji.

Amma kafin ka taɓa bayan, ka je ka dubi sirdin. Sirdinmu na gargajiya ƙashinsa na itace ne, ba ya miƙewa ya bi surar doki, kuma lokacin Sallah mutane kan yi aro ko haya, a ɗora wa doki mai faɗin baya sirdin da aka sassaƙa don siriri. Ka haɗa da nauyin jalala da sauran kaya, da mahayi cikin alkyabba, da tsayuwar awoyi a rana ana jiran fitowar Sarki, sannan a rufe da sukuwa da zamiya. Ka kifa sirdin ka shafa cikinsa da tafin hannu, ka ji ko shimfiɗar ta mutu ko ta dunƙule a gefe ɗaya. Ka kuma dubi gashin bayan dokin da kyau, tunda akawal ne ba zai ɓoye maka ba: duk inda farin gashi ya tsiro a mazaunin sirdi, shaida ce ta tsohuwar matsa. A zamaninmu, in kumburi ya ƙi sacewa, akan kira mai lalas, wato mai ƙona wurin ciwo da ƙarfe mai zafi, ya ɗora wuta, kuma na ga waɗanda suka tashi bayan haka.

Likitar Dabbobi ta amsa:

Assalamu alaikum. Baba Tsohon Mahayi, Allah ya ƙara girma, maganarka a kan sirdi ita ce inda ni ma zan fara. Inda zan roƙi afuwa in saɓa maka shi ne batun lalas. Wuta ba ta gyara jijiyar da ke ciki, ƙuna take ƙarawa a kan ciwo, kuma dokin da ya tashi bayanta hutun dole da ya samu ne ya tashe shi. Ga kuma haɗarin cutar sarƙe-haƙora, wadda doki na cikin dabbobin da ta fi saurin kashewa, kuma ta kafar rauni take shiga.

Malam Ɗan Barga, tausa tana da amfani na gaske, amma iyakarta tsoka ce: tana sassauta wadda ta ɗaure saboda gajiya, tana ɗumama wurin, tana kwantar wa dabba da hankali. A 1993 an wallafa wani bincike da aka yi kan dawakin yankin Camargue na Faransa, wanda ya nuna cewa sosa doki a gindin wuya, wurin da dawaki ke sosa wa junansu da haƙora, yana rage bugun zuciyarsa. Wannan ne lumshe idon da ka gani. Sai dai jin daɗi daban, warkewa daban, kuma a Ingilar da aka ɗauki bidiyon, doka ba ta ba mai tausa ikon gano cuta ba, sai likitan dabbobi ya duba mara lafiya tukuna sannan a miƙa masa.

Dalilin wannan tsari shi ne, ciwon baya a doki sau da yawa ba daga bayan yake farawa ba. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa yana kan ƙafafun gaba, to in kofato ɗaya yana masa zafi sai ya sauya yadda yake taku, bayan ya ɗauki wahalar. Daga gwiwa zuwa ƙasa kuma babu tsoka a ƙafar doki, ƙashi ne da jijiyoyi, don haka kumburi a wannan wuri ba na murzawa ba ne, ruwan sanyi da hutu yake so kafin likita ya iso. Haƙoransa ma abin dubawa ne, domin kaifin turame kan yanki kumatu, doki ya riƙa ɗaga kai yana gudun linzami har bayansa ya sandare.

Kafin ka fara, ka auna zafin jikinsa ta dubura da ma'auni. Lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Ka sa yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi ka ƙirga bugun jini, wanda a hutu bai kamata ya wuce 28 zuwa 44 a minti ba. In akwai zazzaɓi, ko miki, ko kumburi mai zafi, ko ƙurajen nan masu jeruwa a ƙafa ko wuya suna fashewa da mugunya, kada ka tausa. Akwai kuma wani abu da nake so masu dawakin Sallah su riƙe da kyau, domin tsarin kiwonmu yana gayyato shi. Dokin da aka ɗaure kwanaki ana ɗura masa gero ko dawa don ya yi kyau, sannan aka fitar da shi aikin ƙarfi rana ɗaya, tsokar ƙugunsa da cinyoyinsa na iya ƙullewa ta yi tauri kamar katako, ya jiƙe da gumi, ya ƙi motsi, fitsarinsa ya koma ja ko baƙi-baƙi. Tsokar ce ke lalacewa, abin da ke fita daga cikinta kuma ƙoda yake bugawa. Irin wannan ba a murza shi, ba a tilasta masa tafiya, likita ake kira nan take. Yawan hatsi kan kuma jawo ciwon cikin kofato, inda za ka ji kofaton da zafi, dokin ya tsaya yana jingina nauyinsa baya.

In duk wannan babu, to ka ja shi na minti 10 jikinsa ya ɗumama, ka tsaya a gefen kafaɗarsa, wani ya riƙe maka ragama. Ka fara da shafa mai tsawo da tafin hannu kana bin kwanciyar gashi, daga wuya zuwa kuturi, sannan ka riƙa dannawa a hankali da tudun hannu kana zagayawa a kan tsokar da ke gefe biyu na ƙashin baya. Kada ka danna ƙashin kansa, kuma ka sassauta sosai a ƙugu, bayan haƙarƙari na 18, wanda shi ne na ƙarshe. Nauyin sirdi ma bai kamata ya wuce nan ba. In ya sauke kai, leɓensa ya saki, ka ci gaba. In ya kaɗa wutsiya da ƙarfi ko ya ɗaga ƙafa, ka dakata ka lura da wurin. Minti 15 zuwa 20 sun isa. Tunda a Zariya kake, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai, in mako ya wuce ba sauyi ka kai shi.

Mafarauci ya amsa:

Likita, Allah ya saka da alheri. Zan ɗan taɓa batun kare, tunda shi aka bari. Malam, ka fara da dagi: ka buɗe tsakanin yatsunsa ka nemi ƙaya da ƙarangiya da kaska, ka duba ko tafin ya tsage saboda zafin ƙasar rani, ko farce ya yi tsawo har yana karkata masa taku. In ba ka samu komai ba, to sagewar safe da ke sakewa bayan motsi, a kare mai shekara 8, ta fi kama da ciwon gaɓoɓi na tsufa. Nawa tsohon nakan kwantar da shi a kan buhu in shafa masa cinya da kafaɗa, in lanƙwasa ƙafar in miƙe ta a hankali iya inda ya yarda, kuma na daina barin shi yana kwana a kan siminti lokacin hunturu. Na rage masa nisan daji, na kuma hana shi yin ƙiba, domin nauyi ne ke cin gaɓa.

Abin da na taɓa yi na yi nadama shi ne shafa masa man zafi na mutane. Ya lashe shi ya wuni yana amai. Haka kuma ibuprofen da diclofenac da muke sha suna huda wa kare ciki su lalata ƙoda, kada a ba shi. Kare mai jin ciwo yana iya cizon ubangidansa, saboda haka ka ɗaure masa baki da tsumma mai laushi in za ka taɓa wurin, kuma ka tabbata an yi masa allurar rigakafin haukan kare.

Ɗan Barga ya sake rubutawa:

Baba, Likita, da ɗan'uwana Mafarauci, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kifa sirdin kamar yadda Baba ya ce, na tarar shimfiɗar ɓangaren hagu ta mutu har ana jin itacen, kuma daidai wurin akwai ɗan farin gashi a bayan dokin da ban taɓa kula da shi ba. Zafin jikinsa 38 ne, fitsarinsa yadda ya saba. Na kai sirdin wurin baduku, na rage masa gero, kuma yau kwana 4 ke nan ina jansa da ragama safe da yamma ina tausa shi ba tare da na hau ba. Gefen dama yana sakin jiki, amma a hagu har yanzu yana ɗan zillewa in na kai kusa da farin gashin, don haka na yanke shawarar in kai shi asibitin jami'ar da ke Samaru ranar Litinin a duba masa kofato da haƙora gaba ɗaya, in tafi da karen shi ma. Likita, in an ce ba wani abu a ciki, kwana nawa ya kamata in jira kafin in sake ɗora masa sirdi?